Kaburburan 'Yan Polan a Ƙasashen Baƙi: Shaidun da Aka Kasa Rufe wa Baki

Idan mutum ya shimfiɗa taswirar duniya ya riƙa ɗiga alama a duk inda aka binne 'yan ƙasar Polan tsakanin 1939 da ƙarshen shekarun 1940, zai sha mamakin nisan da alamomin za su yi da juna. Zai ɗiga a Uzbekistan da Kazakistan, ya gangaro Iran da Iraƙi da Lebanon, ya tsallaka Indiya, ya dawo Tanzaniya da Yuganda da Zambiya, sannan ya haura Libiya da Italiya da Faransa da Holan da Ingila. Waɗannan makabartu iri biyu ne. Akwai na sojoji, waɗanda duniya ta sani, shugabanni suna zuwa su ajiye furanni duk shekara, akwai kuma na farar hula, mafi yawansu mata da yara da tsofaffi, waɗanda suka kwashe shekaru ciyawa tana cinye su ba mai leƙawa. Ra'ayina shi ne, wannan kashi na biyun ya fi na farko nauyi a ma'aunin tarihi, domin shi ne hujjar wani babban zalunci da manyan ƙasashe suka haɗa baki aka yi shiru a kansa. Saboda haka ya kamata a kula da shi kamar yadda ake kula da na sojojin, kuma a bar kowane kabari a inda yake.

Tushen labarin yana cikin watan Satumba na 1939, lokacin da Jamus ta afka wa Polan daga yamma a ranar 1 ga wata, Tarayyar Sobiyet kuma ta shigo daga gabas a ranar 17, suka raba ƙasar gida biyu bisa yarjejeniyar da suka ƙulla a ɓoye. A yankin da ya faɗa hannun Sobiyet, 'yan sandan asirin Stalin suka shiga kwasar mutane rukuni-rukuni. Kwasar farko an yi ta ne a ranar 10 ga Fabrairu 1940, a tsakiyar hunturu mai tsanani, sai ta watan Afrilu, sai ta watan Yuni, sannan ta ƙarshe a tsakiyar 1941. Waɗanda aka kwasa sun haɗa da manoman da gwamnatin Polan ta ba filaye, da masu gadin daji, da iyalan hafsoshi da 'yan sanda da ma'aikatan gwamnati, da 'yan gudun hijira da suka tsere wa Jamus, waɗanda da yawansu Yahudawa ne. An ɗura su a taragun dakon kaya, aka yi makonni ana tafiya da su zuwa Siberiya da arewacin Rasha da Kazakistan, inda aka sa su saran itace da aikin gonakin gwamnati. Takardun Sobiyet da aka buɗe daga baya sun nuna adadin da ya kai kusan 320,000, yayin da tsofaffin ƙididdigar 'yan Polan suka haura miliyan ɗaya. Wannan saɓani kansa yana nuna girman matsalar: mutanen da suka mutu a cikin taragu ko a dazuzzukan Siberiya galibi ba su da kabarin da za a iya nunawa yau.

Abin da ya buɗe musu ƙofa shi ne harin da Hitler ya kai wa abokin ƙawancensa a watan Yuni 1941. Da Stalin ya ga wuta a ƙofar gidansa, sai ya yarda ya shirya da gwamnatin gudun hijira ta Polan da ke Landan. A ranar 30 ga Yuli 1941 Janar Sikorski, a madadin wannan gwamnati, da jakadan Sobiyet, Maisky, suka sa hannu a yarjejeniya, a watan Agusta kuma aka sanar da sakin 'yan Polan, aka ba da izinin kafa runduna ƙarƙashin Janar Władysław Anders, wanda shi kansa daga kurkukun Lubyanka da ke Mosko aka fito da shi. Da labari ya bazu, sai jama'a suka yi ta kwarara kudu, wasu a jirgin ƙasa, wasu a ƙasa, suna neman inda rundunar take, domin kusa da ita ne kaɗai ake sa ran samun abin sawa a baki. A farkon 1942 aka mayar da sansanonin zuwa Asiya ta Tsakiya, hedikwata a Yangiyul kusa da Tashkent. A nan ne zazzaɓin taifus da atuni da zazzaɓin cizon sauro suka faɗa wa mutanen da yunwa ta riga ta karya. Makabartun da ke Kermine da Guzar a Uzbekistan cike suke da sojojin da ba su taɓa harba ko harsashi ɗaya a wannan runduna ba, da yaran da suka biyo su. An rubuta su a matsayin mamatan yaƙi, amma wahalar shekara biyu a hannun waɗanda suka tsare su ce ta kashe su.

A cikin 1942, sau biyu aka kwashe mutane daga tashar jiragen ruwa ta Krasnovodsk, aka tsallaka da su Tekun Kasfiya zuwa Pahlavi, garin da yau ake kira Bandar Anzali a Iran: karo na farko a watannin Maris da Afrilu, na biyu a Agusta. Jimillar waɗanda suka fita ta kai kusan 115,000, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku farar hula ne, cikinsu har da dubban yara, da yawa marayu. Sun sauka gaɓar teku jikinsu duk ƙwarƙwata, ƙashi da fata, aka ƙone tufafinsu, aka aske musu kai, aka killace marasa lafiya. Wasu ba su wuce nan ba, shi ya sa makabartar Bandar Anzali take ɗauke da kaburbura 639. Waɗanda aka wuce da su Tehran a manyan motoci ta tsaunukan Alborz, cuta ta bi su har can, kuma a makabartar Dulab da ke gabashin birnin akwai kaburbura 1,892 na 'yan Polan, mafi yawansu na farar hula, kuma shekarar 1942 ce ta fi yawa a kan duwatsun. Akwai wasu a Ahvaz da Mashhad da Isfahan, birnin da aka tara marayu har aka riƙa yi masa laƙabi da garin yaran Polan. Yahudawan da ke cikinsu an binne su a makabartar Yahudawa ta Tehran. Duk wanda ya bi layukan Dulab yana karanta shekarar haihuwa da ta rasuwa, ba ya bukatar wani masanin tarihi ya gaya masa halin da waɗannan mutane suka fito daga ciki.

Iran ba ta iya riƙe su duka ba, don haka Birtaniya ta rarraba farar hular a ƙasashen da ke ƙarƙashinta da na ƙawayenta. A Indiya, sarkin Nawanagar, Jam Saheb Digvijaysinhji, ya karɓi ɗaruruwan marayu a Balachadi, an kuma kafa babban sansani a Valivade kusa da Kolhapur mai ɗauke da kusan mutum 5,000. Meziko ta karɓi wasu a Santa Rosa kusa da garin León a 1943, Niyuzilan kuma ta karɓi yara 733 a watan Nuwamba 1944. Amma kaso mafi tsoka Afirka aka kawo shi: kimanin mutum 18,000 aka zaunar a sansanoni a gabashi da kudancin nahiyar. Mafi girma shi ne Tengeru, kusa da Arusha a gindin Dutsen Meru, sai Koja a bakin Tabkin Biktoriya da Masindi a gefen dajin Budongo a Yuganda, da Kidugala da Ifunda a kudancin Tanganyika, da Abercorn da Bwana Mkubwa a ƙasar da ta zama Zambiya, da Oudtshoorn a Afirka ta Kudu inda aka kai yara 500. Sun zauna a bukkoki masu jinkar ciyawa, suka buɗe makarantu da asibitoci, suka yi noma da kiwo. A Nyabyeya ta yankin Masindi sun gina coci tsakanin 1943 da 1945, wanda mutanen wurin suke ibada a cikinsa har yanzu. Kusan kowane sansani ya bar makabartarsa. Ta Tengeru tana da kaburbura kusan 150, kuma bayan an rufe sansanoni na ƙarshe a farkon shekarun 1950, bukkokin sun rushe, gonaki sun koma hannun wasu, galibi makabartun ne kawai suka rage a matsayin alamar cewa an taɓa zama.

Sojojin kuwa hanyarsu daban ce. Daga Iran suka wuce Iraƙi da Falasɗinu da Masar, suka zama Runduna ta Biyu ta Polan, suka shiga yaƙin Italiya. A watan Mayu 1944 aka ɗora musu nauyin hawa tsaunin Monte Cassino, inda hare-hare uku na sojojin ƙawance suka riga suka ci tura, kuma a ranar 18 ga watan suka kafa tutarsu a kan kangon gidan ibadar da ke bisa tsaunin, bayan sun yi asarar rayuka fiye da 900. Sojojin da kansu suka gina makabartar wurin, aka buɗe ta a ranar 1 ga Satumba 1945 da kaburbura fiye da 1,000. Akwai wasu uku a Italiya, a Casamassima da Loreto da Bologna. Sauran rundunonin Polan sun bar mamatansu a Narvik ta Norwe, da Tobruk ta Libiya, da Normandi ta Faransa, da Breda ta Holan, da Newark ta Ingila inda aka binne matuƙa jiragen sama da yawa. Waɗannan wurare sun cancanci duk girman da ake ba su. Sai dai labarin da suke bayarwa, na jarumin da ya faɗi a fagen fama da Jamus, labari ne da ya yi wa kowa daɗin ji bayan yaƙi. Ba su tilasta wa mai ziyara ya tambayi daga ina yawancin sojojin Anders suka fito, da kuma inda matansu da 'ya'yansu suke.

Wannan tambaya ita ce makabartun farar hula suke yi, kuma ita ce aka daɗe ba a son a ji. A ƙarshen Nuwamba 1943, a cikin birnin Tehran ɗin nan da aka gama binne mutum kusan dubu biyu a Dulab, Stalin da Churchill da Roosevelt suka zauna suka fahimci juna cewa gabashin Polan zai zauna a hannun Sobiyet, aka tabbatar da haka a Yalta a watan Fabrairu 1945. Ma'ana, garuruwa irin su Lwów da Wilno da ƙauyukan da aka kwaso waɗannan mutane sun fita daga Polan ke nan. Gwamnatin kwaminisanci da aka kafa a Warso ta ƙwace wa Anders takardar zama ɗan ƙasa a 1946, ta kuma hana a yi maganar kwasar mutane zuwa Siberiya a littattafan makaranta da jaridu. Kisan hafsoshi da manyan ma'aikatan Polan kusan 22,000 da aka yi a Katyn da wasu wurare a 1940, an yi ta ɗora wa Jamus har sai a watan Afrilu 1990 da Mosko ta amsa laifinta. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma wannan ya ɗauki shekara hamsin kafin a kai ƙarshensa. A yamma ma ba a so a ɓata wa abokin ƙawance rai, har ta kai sojojin gwamnatin gudun hijira ba su yi fareti tare da sauran ba a bikin nasara na Landan a watan Yuni 1946. A duk tsawon wannan lokaci, ana iya tace littafi, ana iya kulle ɗakin ajiyar takardu, amma babu wanda ya iya goge sunan yarinya 'yar shekara huɗu daga dutse a Tehran ko a Arusha. Mai shirya fim na Iran, Khosrow Sinai, ganin kaburburan Dulab a 1970 ne ya sa shi neman sanin su wane ne waɗannan baƙi, ya kwashe shekaru yana tattara bayanan waɗanda suka rayu, har ya kammala fim a kansu a 1983. Wannan shi ne aikin da kabari a ƙasar baƙi yake yi: yana sa wanda bai san komai ba ya tsaya ya yi tambaya.

Wani zai ce, tunda Polan ta sami 'yancin kanta tun 1989, me zai hana a tono ƙasusuwan a mayar da su gida, inda danginsu za su iya ziyarta ba tare da kuɗin jirgi ba? Ai an yi wa Sikorski haka: ya rasu a hatsarin jirgin sama a Jibraltar a watan Yuli 1943, an binne shi a Newark, aka mayar da gawarsa Krakow a 1993. Wannan hujja tana da ƙarfi ta fuskar tausayi, amma akwai abu biyu da suka rage mata kaifi. Na farko, gidan da za a mayar da yawancinsu babu shi a cikin Polan ta yau, yana Yukren ko Belarus ko Lituweniya, zuriyarsu kuma ta warwatsu a Birtaniya da Kanada da Ostireliya da Amurka, domin mafi yawan waɗanda suka tsira sun ƙi komawa ƙarƙashin mulkin da suka tsere masa. Na biyu, wurin kabarin wani ɓangare ne na shaidar. Kabarin manomiya 'yar gabashin Polan a bakin Tabkin Biktoriya yana faɗin cewa an tumɓuke ta daga ƙasarta. Idan aka kai ta wata makabarta a Warso, ta zama ɗaya daga cikin dubban mamata, labarin kuma ya shafe. Anders kansa ya fahimci haka. Da ya rasu a Landan a 1970, bisa wasiyyarsa aka kai shi Monte Cassino aka binne shi a tsakiyar sojojinsa, kuma har yau ba a ɗauke shi daga can ba.

Hujja ta biyu ta fi ta farko zafi, musamman a wurin mai karatu ɗan Afirka. Waɗannan 'yan gudun hijira Turawa ne, gwamnatin mulkin mallaka ce ta zaunar da su a filayen Afirka ba tare da ta nemi yardar masu ƙasa ba, 'yan ƙasa ne suka share daji suka gina musu bukkoki, kuma duk da an taƙaita musu zirga-zirga, suna sama da baƙar fata a tsarin wariyar da ake bi a lokacin. A Iran ma sun iso ne ƙasar tana ƙarƙashin mamayar Birtaniya da Sobiyet tun Agusta 1941, abinci ya yi ƙaranci har aka yi boren burodi a Tehran a watan Disamba 1942. To me ya sa za a damu da kaburburansu alhali 'yan Afirka da suka mutu a yaƙe-yaƙen Turawa da yawa ko suna ba su samu a kan dutse ba? Gaskiya ne, kuma hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi na ƙasashen renon Ingila ta amsa a 2021 cewa an ƙi tunawa da dubun dubatar mamatan Afirka da Asiya, musamman na Yaƙin Duniya na Ɗaya, kamar yadda aka tuna da Turawa, ta kuma nemi afuwa. Amma maganin wannan zalunci shi ne a ɗaga waɗanda aka manta zuwa matsayin waɗanda aka tuna, domin barin kabarin maraya ɗan Polan ya lalace ba zai dawo da sunan ɗan dako ko ɗaya ba. Ƙari a kan haka, labaran biyu sun haɗu a wani wuri da ya shafe mu kai tsaye. Daga 1941, hafsoshin Polan fiye da ɗari biyu da ba su da rundunar da za su jagoranta a Birtaniya an turo su aiki da sojojin Afirka ta Yamma, wasunsu kuma sun bi runduna ta 81 da ta 82 zuwa Bama, tare da dubban samarin Arewacin Najeriya. Sunayen wasu daga cikin samarin nan da ba a ga gawarsu ba suna rubuce a makabartar Taukkyan kusa da Yangon. Mu ma muna da mamatanmu a ƙasashen baƙi daga wannan yaƙin, kuma kaɗan ne daga cikin jikokinsu suka san inda suke.

Akwai kuma wanda zai ce al'adar gina kaburbura da kashe musu kuɗi ba tamu ba ce, mamaci aikinsa kaɗai ke amfanarsa, kuma gara a kashe kuɗin a kan masu rai. Ba na jayayya da cewa marmara ba ta ƙara wa mamaci komai. Abin da ake karewa a nan rubutaccen bayani ne: suna, da shekara, da wuri, waɗanda su ne ke hana azzalumi na gobe cewa abin bai faru ba. Kuɗin da hakan yake ci kuma bai taka kara ya karya ba, katanga ce da sharar ciyawa da sabunta rubutu da albashin mai gadi. Hatsarin da ya fi wannan girma shi ne a mayar da makabartun dandalin kishin ƙabila ɗaya ko addini ɗaya, a manta cewa waɗanda aka kwasa sun haɗa da Yahudawa da 'yan Yukren da 'yan Belarus, kuma da yawa daga cikin waɗannan an hana su shiga rundunar Anders, wani lokaci saboda hukumomin Sobiyet sun ce 'yan ƙasarsu ne, wani lokaci saboda son zuciyar wasu hafsoshin Polan. A nan ma duwatsun sun fi masu jawabi riƙon gaskiya. A Monte Cassino akwai sashen Katolika, da na mabiya cocin Otodoks, da na Yahudawa, kowa da alamar addininsa, kuma hakan yana tuna wa duk mai son taƙaita tarihin cewa Polan ɗin da ta tafi gudun hijira ƙasa ce mai al'ummomi da yawa.

Tun bayan faɗuwar kwaminisanci an yi aiki mai yawa. An buɗe makabartun waɗanda aka kashe a 1940, na Katyn da Mednoye da Kharkiv a shekarar 2000, da ta Bykivnia kusa da Kiyef a 2012. Hukumomin Polan sun gyara makabartun Uzbekistan da na Iran, malamai da ɗalibai daga Krakow kuma sun yi ta zuwa gabashin Afirka suna share kaburbura, suna tattara sunaye, suna naɗar bayanan tsofaffin da suka yi ƙuruciya a sansanonin. Duk da haka, kafin waɗannan su zo, waɗanda suka hana wuraren ɓacewa galibi maƙwabta ne: Armeniyawa da sauran Kiristocin Iran, da limaman coci da manoman Tanzaniya da Yuganda waɗanda ba su haɗa jini da mamatan ba. Yanzu yaran da suka sauka a Pahlavi a 1942 sun haura shekara tamanin, mafi yawansu ma sun riga mu gidan gaskiya, garuruwa kuma suna ta faɗaɗa suna cinye filaye. Nan da 'yan shekaru babu sauran mai cewa da idona na gani. Don haka wajibi ne gwamnatin Polan da ƙasashen da ke ɗauke da waɗannan kaburbura su ba makabartun farar hula kariyar doka da kuɗin kulawa daidai da na sojoji, a rubuta tarihinsu a bakin ƙofa da harshen mutanen wurin, a kuma ambaci 'yan ƙasar da suka karɓi baƙin suka yi musu hidima. Mu kuma da kakanninmu suka tafi Bama da Habasha wasunsu ba su dawo ba, ya kamata jami'o'inmu da masarautunmu su fara tattara sunayensu da inda aka binne su tun akwai sauran tsofaffin da za a tambaya.